Ruwan Wankan Ya Fanna

Duk matar da ta shiga ɗakin Ya Fanna dubiya a unguwar Luggere, da magana guda take fitowa: ɗakin majinyaciya ne, amma ko ɗakin amarya bai fi shi ƙamshi ba. Zanin gado fari a miƙe, katifa a bushe, kaskon turare yana hayaƙi a gindin bango. Matan sukan tsaya a tsakar gida su sa wa 'yarta Zara albarka, su ce Allah ya ba kowace uwa irinta.

Turaren da ake ƙonawa na Ya Fanna ne. Da sana'ar haɗa turaren wuta da humra ta tsaya da ƙafafunta a Jimeta bayan sun baro Bama da kayan jikinsu, da ita kuma ta mallaki gidan. Hawan jini ne ya kayar da ita wata safiya a gaban kaskonta. Ta farfaɗo a asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Hankalinta kuwa bai taɓu ba. Tana ji, tana gani, tana ganewa, kalma ce kawai ba ta fitowa sai da wahala.

Zara, wadda ta rasa mijinta a rikicin da ya raba su da Bama, ita ce a gida tare da ita. Tana cikin matan da ake kira wankan gawa a unguwar, kuma an san ta da tsafta da sanin hukuncin najasa. Yayanta Ridwan yana da shagon yadi a kasuwar Jimeta, iyalinsa suna unguwar Ajiya, yakan biyo da yamma idan ya tashi.

Abin ya faro ne ranar da matan makarantar su Zara suka zo dubiya. Suna zaune a kan darduma ana hira, Ya Fanna ta ɗaga hannun hagu tana kiran 'yarta. Zara tana tsakiyar yi wa wata baƙuwa bayani, ta ce mata tana zuwa. Kafin ta zo, fitsari ya ratsa zani ya ɗigo ƙasa, ya taɓa gefen hijabin wata malama. Matar ta naɗe hijabinta ta nemi buta.

Da baƙin suka tafi, Zara ta canja shimfiɗa ba tare da ta dubi fuskar mahaifiyarta ba.

"Ya, kin kunyata ni a gaban malamaina," in ji ta. "Ni da nake koya wa mata tsarki."

Ta ɗauke jug ɗin ruwan da ke kan kujera kusa da gado, ta fita da shi. Bai sake dawowa ɗakin ba.

Daga ranar, ruwan Ya Fanna ya koma ƙaramin kofin shayi da safe, wani kuma bayan magariba. Kunun gyaɗa da take so aka daina damawa da ruwa-ruwa, aka mayar da shi mai kauri, ana ba ta da cokali. Wannan kuwa a cikin bazarar Yola ne, lokacin da kwanon rufi yake ɗaukar zafi tun hantsi, wutar lantarki ta tafi ta bar fanka a tsaye, masu tura kurar ruwa suna wucewa ta lungu jarkokinsu suna tsiyaya. Ya Fanna tana kwance tana jin ƙarar ruwan a cikin jarka har ya yi nisa.

Cikin magungunan da aka sallamo ta da su akwai wata ƙaramar ƙwaya fara ta hawan jini. Zara ta lura cewa duk safiyar da aka ba da ita, fitsari yana yawaita. Sai ta ware ta, ta jefa a cikin kwabet.

Ridwan ya ga kwalin ƙwayar a can wata yamma yana neman ashana.

"Wannan fa, ba na Ya ba ne?"

"Shi ne yake sa ta ɓata shimfiɗa, Yaya. Ga sauran tana sha."

"Likita ya sani?"

"Likita ne yake wankin zannuwan? Bayana kamar zai ɓalle. Sau nawa zan canja kaya kafin in yi salla ɗaya? In kana ganin da sauƙi, ka turo matarka ta kwana biyu a nan."

Ridwan ya mayar da kwalin inda ya gan shi, ya rufe kwabet.

"Ke kika san sha'anin jinya," in ji shi. "Ni dai abin da ake buƙata a faɗa mini."

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Ridwan ya ce kasuwa ta buɗe, kuma cicciɓar tsohuwa a sa ta a Keke Napep wahalar da ita ne kawai, tunda jiki ya yi sauƙi. Da Ya Fanna ta fara nishi saboda ciwon kwanciya, sai ya biya kemis ya sayo maganin ciwon jiki, irin mai ƙarfi da 'yan dako suke sha. Maganin yana sa ta yin shiru, don haka Zara ta riƙa ba ta safe da yamma, tana tura ƙwayar a cikin kunu don kada a nemi ruwan haɗiya.

Abu ɗaya ya rage wa Ya Fanna, shi ne alwala. Idan Zara ta zuba mata ruwan kurkure baki a tafin hannu, ba ta tofarwa, haɗiyewa take yi. Ta ɗauki kwanaki tana rayuwa da wannan, tana jiran kiran salla da ɗokin da ita kanta take jin kunyarsa a gaban Ubangijinta. Wata azahar Zara ta riƙe tasa tana jiran ta tofar, ba ta ga komai ba. Ta dube ta na ɗan lokaci.

Da la'asar ta shigo da wani sulɓaɓɓen dutse ta ajiye a gefen matashi.

"Shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi, Ya. Taimama ta isar miki."

Ya Fanna ta ɗora tafinta na hagu a kan dutsen. Yana da sanyi. Da Zara ta fita, ta ɗauke shi ta ɗora a kan leɓɓanta da suka tsattsage.

Tagar ɗakin tana kallon wani siririn lungu, a ƙarshensa kuma ɗakin Keturah yake, malamar firamare 'yar Numan da take haya a gidan baya. Tun Ya Fanna tana da lafiya suke mutunci. Ita ta haɗa wa Keturah turaren bikin ƙanwarta, ita kuma Keturah takan aiko mata da busasshen kifi idan ta je gida hutu. Wata rana da ta taso daga makaranta ta leƙa ta tagar don ta gaishe ta, ta same ta tana tsotsar gefen tsumman da aka goge mata fuska da shi.

"Mama, mene ne haka?"

Ya Fanna ta buɗe baki. Harshenta ya bushe ya yi fari. Ta yi ta kokawa da kalmar har ta fito.

"Ruwa."

Keturah ta koma ɗakinta da sauri ta ɗebo mai sanyi daga randa a kofin silba, ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan taga. Gadon yana jikin bango, don haka kofin ya kai. Ya Fanna ta sha, ruwan yana zuba ta gefen bakin da ya karkace, ta miƙo kofin aka ƙaro. Da ta gama ta riƙe yatsun Keturah ta ƙi saki.

Kafin magariba katifa ta jiƙe. Zara ta ga danshi a bakin taga, ta fahimci abin da ya faru, ta yafa mayafi ta zagaya wurin Keturah.

"Malama, wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Na ga mutum yana tsotsar tsumma ne."

"Uwarki ce ko uwata?"

"Taki ce, Zara, shi ya sa abin ya ba ni mamaki. In wankin ne ya yi miki yawa, ki riƙa miƙo mini ta katanga, ni kam zan wanke. Akwai kuma famfas na manya a kemis."

"In zubar da shi a ina? A bolar unguwa, awaki su jawo shi ƙofar masallaci, kowa ya san abin da ke gidanmu? Ke ba salla kike yi ba, ba ki san mene ne najasa ba."

"Na san ƙishirwa dai," in ji Keturah.

Da Ridwan ya zo, Keturah ta tare shi a ƙofar gida ta gaya masa abin da ta gani. Ya saurare ta yana kallon wayarsa.

"Mun gode da kulawa, Malama. Amma majinyaci ba kowa ne yake ba shi abu ba. In wani abu ya same ta yanzu, me za a ce kin ba ta? Ki tsare mutuncinki, mu ma mu tsare namu."

Washegari aka kira kafinta ya buga wa tagar raga mai ƙananan ido, wai saboda sauro.

Bayan wasu makonni Zara ta samu abin da take so. Shimfiɗa ta daina jiƙewa. Ɗan abin da yake fita a fo bai fi a rufe gindinsa ba, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Zara ta gaya wa matan makarantarsu cewa jiki ya yi kyau, tsohuwa ta fara riƙe kanta. Sannan ƙafafun Ya Fanna suka cika, fuskarta ta yi fam, fatar idonta ta yi nauyi. Masu dubiya suka ce ma sha Allah, ta murmure, har ta yi ƙiba, lallai Zara tana ciyar da ita. Zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama har sai da aka kira maƙeri ya yanke shi.

Ƙaiƙayi ya biyo baya. Da hannun hagu take susa har ta yi wa ƙirjinta da cinyarta sawu, ɓarin da hannun ba ya kaiwa kuwa sai ta riƙa goga shi a bango. Zara ta yanke mata farce, ta ce ƙurajen zafi ne. Abinci ya daina zama, shaƙuwa ta kama ta ba ta saki, numfashinta ya soma wani wari da turare ya kasa rufewa. Zara ta ƙara garwashi a kasko.

Ranar da aka kasa tashinta daga barci har rana ta take, sai ga Ridwan da motar abokinsa.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa mata robar fitsari, aka kwantar da ita. Ta farfaɗo kwana biyu bayan an yi mata wankin ƙoda na farko, daidai lokacin da likita take tsaye a gefen gadon tana yi wa 'ya'yanta bayani. Ta ce ƙodojin sun lalace ƙwarai. Ta ce wanda hawan jini ya kai shi ga shanyewar jiki, ƙodarsa ma tana cikin haɗari, domin jijiyoyin da suka gaji a kai irinsu ne a ƙoda, shi ya sa ake son a riƙa dawowa ana aunawa.

"Tana shan maganin hawan jininta duka?"

"Ba ya wuce lokaci," in ji Zara.

"Maganin ciwon jiki fa, na kemis?"

"Sai dai jefi-jefi," in ji Ridwan.

"Ruwa fa? A zafin nan tana sha sosai?"

"Ba ta so ne, likita. Sai na yi ta lallashi."

Ya Fanna ta ɗaga hannun hagu ta bugi ƙarfen gado. Likita ta juyo. Tsohuwar ta buɗe baki, amma abin da ya fito gurnani ne kawai. Zara ta kama hannun ta mayar cikin bargo tana shafawa.

"Haka take yi in ta gaji," in ji ta.

Zuciyar Ya Fanna ba ta jure injin ba. A wanki na gaba jininta ya faɗi har aka cire ta kafin a gama, likitoci suka ce ci gaba da shi zai iya kashe ta a kan kujerar. Aka sallame su da magunguna da sharaɗi mai tsanani: tunda ƙoda ba ta fitar da ruwa, duk abin da ta sha zai taru ya hau mata ƙirji, don haka kada a wuce ɗan abin da aka auna mata a yini.

Gidan ya cika da 'yan sannu da dawowa. Cikinsu har da Goggo Kausar, ƙanwar marigayi mijin Ya Fanna, wadda ta taso daga cikin garin Yola da sandarta. Keturah ma ta shigo ta raɓe a bakin ƙofa. Zara ta ɗaga ƙaramin kofin shayin nan ta nuna wa mata, muryarta a sake.

"Kun ga ikon Allah. Likita da bakinta ta ce kada a ba ta ruwa, ruwa ne yake cutar da ita. Abin da nake yi ke nan tun farko, wasu suna zagina a bayan katanga. Da an bar ni da tsarina, da ba a kai ga haka ba. Allah kaɗai ya san abin da aka ɗura mata ta taga."

Idanu suka koma kan Keturah. Ta juya ta fita.

Ya Fanna tana kwance tana jin komai. Ƙishirwar da ta sha ta zama shaidar kirkin Zara, kofin da ya taimake ta ya zama laifi, kuma za ta mutu a binne ta da wannan labari. A wannan yammacin ta daina kuka. Ta jawo carbinta da hannun hagu, amma ba tasbihi kaɗai take ja ba. Idan Zara ta tafi makaranta, sai ta juya fuska ga bango ta riƙa tauna kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa, harshen yana zamewa tana dawo da shi. Abin da za ta faɗa ba shi da yawa, amma tana so ya fita sarai yadda ba wanda zai ce gajiya ce.

Keturah ta ji ta ta bayan raga wata rana, ta tsaya.

"Mama, ni ce. Ban kawo komai ba, kada ki ji tsoro."

"Kausar," in ji Ya Fanna. Ta huta. "Liman. Juma'a."

"In kira miki su ranar Juma'a?"

"Mata. Duka."

Keturah ta hau keke har cikin garin Yola ta isar da saƙo. Da Zara ta ji cewa mahaifiyarta tana neman liman da jama'a, ta ɗauka yafiya za a yi irin ta wanda ya ji ajali ya matso, ta yi murna da hakan. Ta wanke ɗaki, ta shimfiɗa sabon zanin gado, ta gayyato malamanta.

Bayan an sauko daga masallaci ɗakin ya cika. Liman ya zauna a kujera daga bakin ƙofa, Ridwan a gefensa, mata a kan darduma har tsakar gida. Goggo Kausar ta tallafo Ya Fanna ta jingina ta da matashi. Liman ya yi addu'a, ya yi gajeriyar nasiha a kan haƙƙin iyaye, ya ce duk mai neman yafiya ya matso.

Maƙwabta suka fara. Kowacce ta ce a yafe mata, Ya Fanna ta ɗaga kai ta ce, "Na yafe." Kalmar tana fita a hankali amma a fili, har mata suka soma duban juna. Ta nuna ƙofa da hannu har sai da aka shigo da Keturah, ta kama yatsunta.

"Wannan ta ba ni ruwa," in ji ta. "Allah ya ba ta."

Zara ta matso a kan gwiwoyinta, hawaye a fuskarta, ta dafa ƙafar mahaifiyarta.

"Ya, jinya sai da gazawa. Abin da na yi miki na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Ya Fanna ta janye ƙafarta ta hagu.

"A'a."

Zara ta juya ga mata tana ƙoƙarin murmushi.

"Ciwon ne. Wani lokaci ba ta sanin…"

"Na sani," in ji Ya Fanna. Ta ja numfashi, shaƙuwa ta katse ta, ta jira ta wuce. "Zara ta hana ni ruwa. Tun bazara. Don katifa." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta fito da dutsen taimama, ta sake shi ya faɗi a kan darduma a tsakiyar mata. "Na sha ruwan alwala. Ta kawo wannan."

Ba wadda ta taɓa dutsen.

"Magani yana kwabet. Ridwan ya gani."

Goggo Kausar ta miƙa sandarta ta buɗe kwabet ɗin. Kwalayen ƙaramar ƙwayar suna jere, ba a ko ɓare su ba. Ridwan ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Hajiya," in ji liman da murya ƙasa-ƙasa, "abin da aka yi miki babba ne. Amma 'ya'yanki ne, kuma Allah yana son bawansa mai yafiya. Ko don ki sadu da shi da zuciya fara."

"Malam, haƙƙina ne?"

Liman ya ce, "Haƙƙinki ne. Ba mai tilasta miki."

"To, sai a can." Ta rufe ido ta buɗe. Abin da ta fi maimaitawa a gaban bango shi ne ya rage, ya kuwa fito ba tare da ko tuntuɓe ba. "Ku shaida. In na mutu, hannun Zara kada ya taɓa ruwan wankana. Ridwan kada ya yayyafa wa kabarina ruwa. Kausar ta wanke ni. Keturah ta ɗebo."

"Mun shaida," in ji Goggo Kausar. Daga tsakar gida wasu muryoyi suka amsa.

Ta ƙara kwanaki kaɗan. Goggo Kausar ta tare a ɗakin, ta sa aka ciro ragar taga, tana jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe, tana ba ta ɗan abin da likita ta yarda da shi a cokali. Zara takan zo bakin ƙofa safe da yamma ta durƙusa ta roƙa. Ridwan ya turo abokan mahaifinsa, ya turo surukansa. Ya Fanna takan juya fuska ga bango har su gaji su tafi. Ta cika wata safiyar Talata da kalmar shahada a bakinta, rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Zara ta ɗauka mutuwa za ta shafe maganar. Ta shiga ɗakinta ta fito da kayan aikinta, bokitin da ta wanke gawarwakin unguwa da shi, da garin magarya, da kafur, da safar hannu. Ta iso ƙofar ɗakin ta tarar da Goggo Kausar a tsaye ta gitta sanda.

"Goggo, uwata ce."

"Na sani. Ina nan aka haife ki."

"Maganar zafin ciwo ce. Wa ya fi ni sanin wankan nan a unguwar nan? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka ji da kunnensu za su ce. Ajiye bokitin, Zara. Ki samu wuri ki zauna ki yi mata addu'a, wannan ba ta hana ki ba."

Zara ta dubi malamanta da ke zaune a inuwar katanga, tana jiran wata ta sa baki. Malamar nan da fitsari ya taɓa hijabinta ita ce ta tashi, ta naɗe hannun riga, ta wuce ta gefen Zara ta shiga taya Goggo Kausar.

Keturah ta ɗebo ruwan da kanta daga rijiyar burtsatse ta bakin titi, ta ƙi yarda a saya wurin masu kura. Bokiti bayan bokiti take ɗaukowa a ka, ta sauke a bakin ƙofa, a karɓa daga ciki. Ba a yi tsimin ruwa ba. Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa da ƙamshin kafur, ya gangara ta tsakar gida zuwa rariya, ya ratsa ta gaban inda Zara take zaune a ƙasa da busasshen bokitinta. Ta janye ƙafafunta, sannan ta ga mata suna kallonta, ta rasa inda za ta sa su.

A maƙabarta, da aka gama mayar da ƙasa, Ridwan ya miƙa hannu zai karɓi butar yayyafi. Liman ya riƙe ta, ya miƙa wa wani maƙwabci.

Akwai gidaje da yawa a garin nan da ake shiga a yaba ƙamshin ɗaki, a fito ba a dubi harshen majinyaci ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya iya zuwa randa, ba ya iya kai ƙara, sau da yawa ba ya iya ko faɗin abin da ake yi masa. Ƙodarsa tana lalacewa ba tare da ƙara ba, masu jinya suna kiran bushewar shimfiɗa sauƙi, suna kiran kumburi ƙiba. Addinin da ya yi umarni da tsarki bai taɓa cewa a saye shi da ƙishirwar uwa ba. Zani ana wanke shi ya bushe kafin la'asar. Ya Fanna ta samu harshen da ta faɗi nata. Mafi yawansu ba sa samu, amma wanda za a tsaya a gabansa ba ya buƙatar a gaya masa.

An yi zaman makoki a cikin zafi mai tsanani. A rana ta uku Zara ta sayo ƙanƙara, ta cika manyan kofuna da ruwan sanyi, ta jera a faranti, ta zagaya da shi cikin matan da suka cika rumfa suna fifita da gefen mayafi. Ta durƙusa a gaban kowacce. Kowacce ta ce mata sannu, Allah ya jiƙan Ya Fanna, ta kawar da kai. Ta kai ƙarshen rumfa ta dawo da farantin yadda ta fita da shi, ƙanƙarar ta narke, kofunan a cike.

Daga can gefe wata tsohuwa ta leƙa ta katanga ta ce, "Malama Keturah, taimaka mana da ruwan randarki."